Soson da Sista Ta Jefar

Duk unguwar babu mai kiranta da wani suna sai Sista, har surukanta. Ta daɗe da ajiye aikin asibiti, amma asibitin bai ajiye ta ba. In ka yi sallama a gidanta warin bilic mai kashe ƙwayoyin cuta ne zai fara amsa maka, sannan ita ta fito ta dubi ƙafarka, ta dubi tayil ɗinta, daga baya ta tuna da fuskarka. Zamanin da take babbar nas, kullum safiya sai ta jera 'yan koyo a baranda, kowace ta miƙo hannu biyu. Ta duba farce, ta juya tafin hannu, ta sunsuna. Wadda ta ji wa ƙanshin man shafawa ko warin albasa, ba ta ɓata bakinta a kanta, da haɓa take nuna mata famfo. Har yau akwai manyan mata masu jikoki da in suka hango ta a kasuwa sai su tura hannu cikin jaka ba su san sun yi ba.

A gidan kaf abu ɗaya ne tsummanta bai taɓa hawa ba, shi ne akwatin kifin mijinta. Mijin tsohon safiyo ne, ya ƙare ƙarfinsa yana auna wa mutane filaye a tsakar rana, kuma da Safiyon kowa ke kiransa. Bawan Allah ne mai sanyi. Ta hana shi cin abinci a falo, ya bari. Ta lulluɓe kujeru da leda, ya zauna a kan ledar tana ƙara. Abokansa suka gaji da cire takalmi da wanke hannu kamar masu shiga ɗakin tiyata, ya kwashe su ya koma da su benci a ƙofar gida. Amma ranar da ta doshi akwatin gilashin nan da bokiti da garin sabulu, sai ya miƙe ya tsaya a gabanta.

"Wannan kam a'a," in ji shi.

Sau ɗaya ya faɗa, kuma ta ji a muryarsa cewa ba zai maimaita ba.

Akwatin kuwa, in da idon Sista ka kalle shi, kwata ce aka yi wa gilashi. Bangon baya ya yi kore shar, tsakuwar ƙasa ta rine, a kusurwa ga ɗan injin tace ruwa yana gurnani ba hutu, a cikinsa akwai wani soso da Allah kaɗai ya san launinsa na asali. Lokaci-lokaci Safiyo kan ciro soson, ya ɗan matsa shi a cikin ruwan da ya ɗebo daga akwatin, ya mayar da abinsa da dattinsa. Wai wanki ke nan! Sista tana tsaye a ƙofar kicin tana hararsa. Kifayen ciki akwai ƙanana masu walƙiya da ke yawo a gungu, akwai wasu munana guda biyu masu kwanciya a ƙasa suna tsotsar gilashi, sai kuma babban, ja mai tumbi, wanda Safiyo ya sa wa suna Darakta, don ba ya aikin komai sai zagaye a hankali yana buɗe baki, amma in aka zuba abinci shi ne kan gaba.

Wata safiya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Safiyo a banɗaki. A nan dai a yi wa Sista adalci: ta yi jinya irin wadda ba kowace mace za ta iya ba. Ita ta ɗaga shi, ita ta kai shi asibiti, ita ta tsaya a kan nas-nas ɗin zamani har suka riƙa canza hanya in sun ji takunta. Ya rayu. Amma hannun dama ya tafi, ƙafar dama sai ja, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Yana ji, yana ganewa sarai, sai dai in ya buɗe baki ba abin da ke fita sai wani sauti mai nauyi.

Da lokacin sallama daga asibiti ya matso, likita ya ce mata, "Sista, a samo abin da zai riƙa tayar da shi daga gado. In ya saba da kwanciya, to shi ke nan, ba zai ƙara tashi ba."

Ta ce ta sani, tun yana firamare take gaya wa mutane haka. Ta kuma san abin da zai tayar da mijinta, kifayen nan ne. Sai dai fa majinyaci ba zai dawo gidanta ya tarar da kwata a falo ba. Shekara da shekaru tana jiran wannan rana, kuma ga ta ta zo da takardar likita a hannu.

Ta je shagon masu sayar da kifin ado. Mai shagon irin mutanen nan ne da in ka ce masa kifi na shan shayi zai ce ai da madara ya fi so. Ta ce komai sabo take so, ya ce ai dama sabo shi ne lafiya. Ya haɗa mata akwati, da farar tsakuwa, da sabon inji mai soso fari fat, da wata 'yar kwalba da ake ɗigawa don kashe kaifin ruwan famfo. Ta dawo ta cika akwatin, ta ɗiga maganin daidai awo, don a wajen awon magani ba a kama ta da laifi, ta juye kifayen ciki a ranar. Munanan nan biyu ne kawai ta ce ba za su shigar mata sabon wuri ba. Ta bar su a tsohon akwatin da sauran ruwansa da sosonsa, ta sa aka fitar da shi bakin ƙofa wajen shara.

A nan ƙanin Safiyo ya same shi. Makanike ne, Sista ta raɗa masa suna Baƙin Mai tun tana amarya, sunan ya bi shi har masu kawo masa gyara ba su san wani ba. In ya zo gidan, jarida take shimfiɗa masa kafin ya zauna, kofinsa ma daban yake a bayan taga. Kada wani ya ɗauka hikima ce ta sa ya ɗauki akwatin. Baƙin Mai bai san komai a kan kifi ba, shi dai ba ya iya wuce abin da aka jefar. Ya ɗora shi a bayan mota ya kai gareji, ya cika shi da ruwan sama na cikin duro, ya jona injin, ya ci gaba da harkarsa. In ya tuna ya watsa musu abinci, in bai tuna ba su ta shafa.

Aka dawo da Safiyo a keken marasa lafiya. Sista ta tura shi har gaban sabon akwatin, ta ja baya tana jiran godiya. Ruwa garau, gilashi na ɗaukar ido, Darakta na zagaye a kan farar tsakuwa. Safiyo ya duba, ya ƙara dubawa. Ya miƙa hannun hagu ya buɗe murfin injin, ya ga farin soso. Sai ya saki wani irin sauti, hawaye suka zubo masa.

"Haka suke yi," Sista ta gaya wa maƙwabtan da suka zo sannu. "Ciwon ne. Abu kaɗan sai kuka, ko na murna ne."

Duk da haka da farko dabarar ta yi aiki. Kowace safiya yakan yi ta bugun ƙarfen gado sai an kai shi falo, ya ɗebi abincin kifi da yatsu biyu, ɗan mitsitsi, ya watsa. Sista na kallon abincin tana taɓe baki. Wannan ai rowa ce. In ya juya sai ta ƙara musu cokali guda.

Ba a jima ba ruwan ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Sista ta tsaya a gabansa riƙe da ƙugu. Datti, a falonta, a akwatin da ta saya da hannunta! Ta kwashe kifayen ta zuba a baho, ta zubar da ruwan tas, ta dirje gilashi, ta wanke tsakuwa, ta zaro soson da ya fara yin ruwan ƙasa. Safiyo na kusa a kekensa. Da saurin da ba ta san yana da shi ba ya cafke soson da hannun hagu ya danne a ƙirji, ruwan na jiƙa masa riga.

"Haba, Baban Auta. Ƙazanta ce fa. Kawo."

Ya girgiza kai. Yana ta ƙoƙarin magana, jijiyar wuyansa ta miƙe, ba abin da ya fito.

Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, cikin ƙwarewa, yadda ta saba yi wa majinyatan da ke riƙe robar ƙarin ruwa. Ta kai soson famfo ta wanke shi da bilic, ta ɗauraye har hannunta ya yi sanyi, ta mayar da shi fari kamar ranar da aka saya. Sannan ta canza wa mijinta riga, ta goge masa hannu da auduga.

Ruwa ya koma garau, kifaye kuma suka fara mutuwa. Ƙananan ne suka fara: yau ka ga ɗaya ya kife, jibi biyu. Sauran suka taru a saman ruwa suna ta haki. Sista ta duba da idon asibiti ta yanke hukunci: akwai cuta, cuta kuwa daga datti take, majinyaci kuma sai da abinci. Ta ƙara wanki, ta ƙara cokali. Duk sanda ruwan ya ɗan yi hazo sai baho ya fito, bilic ya fito. 'Yan dubiya kuma kowa da iliminsa. Wani ya ce a zuba gishiri, wata ta ce idon mutane ne a rufe akwatin da zane, wani tsohon abokin aikin Safiyo ya leƙa ya ce tun da sauran rai a babban gara a soya shi. Shi kaɗai ya yi dariyarsa.

Safiyo ya daina bugun ƙarfen gado. Ranar da na ƙarshe cikin ƙananan ya mutu, ya juya fuska bango. In ta kawo abinci ya datse baki, in mai yi masa gashi da motsa jiki ya zo sai ya saki jiki kamar buhu. Saura Darakta kaɗai a cikin akwatin, ya bar zagaye, ya maƙale a kusurwar sama baki a buɗe, jelarsa ta yi jan zane-zane kamar an yakushe ta. Sista ta ji tsoro, tsoro na gaske. Ta ga irin wannan juya bayan a gadajen asibiti, kuma ta san inda yake ƙarewa. In kifin nan ya mutu, ba ta da wani abin da za ta kira mijinta da shi.

Autarsu tana aiki a wani gari, a ɗakin gwajin ruwan sha. Da ta kira ta bidiyo, Sista ta juya mata wayar ta ga akwatin, don ta shaida cewa ita dai ta yi iya yinta.

"Kin gani? Ko ƙura babu. Amma mutuwa suke."

Auta ta ƙura wa akwatin ido. Sannan ta ce, "Mama, ina tsohon soson Baba?"

"Na jefar. Me za a yi da shi?"

"Wannan na ciki fa, kina wanke shi?"

"Da me zan yi, in zuba masa ido?"

"Innalillahi. Mama, zauna ki ji. Kifi a cikin ruwan da yake numfashi yake kashi da fitsari. Wannan ƙazantar tana zama guba, ba a ganinta, ita ke ƙona su. Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke zama a cikin soso da tsakuwa, su ke cinye gubar. Sabon akwati ba shi da su, sai sun yi makonni suna taruwa. Wannan ruwan ƙasan da soson ke yi, gidansu ne. Duk ranar da kika wanke shi kin kashe su, kin mayar da akwatin ranar farko. Ga abinci kina ƙarawa, gubar na ƙaruwa."

"Ƙwayoyin cuta kike nufi."

"Ba na cuta ba ne."

"Ke, ni za ki koya wa ƙwayoyi? Kina cikin zanen goyo nake kashe su. Yanzu so kike in yi kiwonsu a falona?"

"Eh, Mama. Kiwonsu nake so ki yi. Ruwan nan da kike gani garau, shi ke kashe Darakta."

Abin haushin shi ne Sista ta san zancen. Sau nawa ta ga an ɗura wa majinyaci magani mai ƙarfi ya share masa hanji tas, na kirki da na banza, ya koma yana gudawa kamar zai mutu? Da bakinta ta sha yi wa ƙananan likitoci faɗa a kan haka. Ba ta dai taɓa zaton abin zai biyo ta har falo ba.

Auta ta gaya mata abin yi. Ta daina taɓa soson kwata-kwata. Kullum ta rage wani kaso na ruwan ta maye shi da wanda aka ɗiga wa magani, don gubar ta yi sauƙi kafin ƙwayoyin su taru. Abinci ɗan kaɗan, wata rana ma a tsallake. Sabulu kada ya kusanci wurin, ko a hannu. "Amma hanyar tana da tsawo, ban sani ba ko Darakta zai kai. Da za a samu soso daga tsohon akwatin da ke aiki, a kawo shi jiƙe da dattinsa a sa a injin, da an yanke wahalar. Wa kika sani mai akwatin kifi?"

Sista ta san mutum ɗaya. Ta ma san soson, ta yi shekara da shekaru tana hararsa.

Da Auta ta ji Baƙin Mai ne, ta ce bari ta kira Baffan nata ta yi masa bayani. Sista ta ce kul, ba ta son a yi ta yawo da zancenta, ita za ta kira shi da kanta. Ta riƙe wayar ta daɗe tana kallo. Ta je garejin Baƙin Mai roƙon datti? Ita? Ta gwada kalmomin a ranta: don Allah, taimaka, kada ka taɓa soson nan, ina bukatarsa. Babu wadda ta yi mata daɗin faɗa. Da ya ɗauka, murya ɗaya ce ta fito, wadda ta saba da ita.

"Akwatin nan da ka kwasa a ƙofar gidana, yana nan?"

"Yana nan, Yaya. Lafiya?"

"Gobe da safe ina zuwa in duba shi."

Ta kashe wayar. A ganinta ta yi dabara, ta faɗi abin da ya kamata ba ta zubar da girma ba. Ta manta cewa duk duniya babu wanda Sista ta taɓa ce wa gobe tana zuwa dubawa ya kwana bai san abin yi ba.

Washegari ta bar Safiyo a hannun mai gashi, ta ɗauki kula mai murfi da za ta zubo soson a ciki, ta shiga mota. Rabonta da garejin tun yaranta na ƙanana. Tana tafe tana shirya hancinta.

Tun daga bakin titi ta ga abin bai yi daidai ba. An share gaban garejin. An jera tayoyi a gefe, an watsa yashi a kan tabon mai. Sai ga Baƙin Mai ya fito cikin riga mai karin guga, ya yi aski, yana washe baki, ya miƙo mata hannuwansa biyu tun ba ta tambaya ba. Faratan sun sha dirza har sun yi ja.

"Sannu da zuwa, Yaya! Yau kam sai dai ki nemi wani abin faɗa. Shigo ki gani."

Warin bilic ne ya tare ta a ƙofa. Akwatin na kan teburin aiki, gilashinsa na walƙiya. Koren bangon ya tafi. Tsakuwar ta yi fes, ya ce har tafasa ta ya yi a tukunya. Munanan kifayen nan biyu, waɗanda suka yi ƙiba a cikin ƙazantarsa ba abin da ya same su, sun taso sama suna haki. A kan igiyar shanya kuwa, tsakanin tsumma da safa, ga soson Safiyo an rataye shi yana bushewa a rana. Ashe shuɗi ne.

Ta juyo kansa.

"Wa ya ce ka wanke?"

Ya zaci wasa ne, ya yi dariya.

"Na ce wa ya ce ka wanke! Wa ya aike ka? Kai da ko kofin shayinka ba ka ɗaurayewa, yau ka tashi tsafta? Dattin nake so! Dattin na zo ɗauka!"

Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya dubi soson, ya dube ta, ya dubi hannuwansa da suka sha wahala a banza.

"Ke kika ce mana, Yaya," ya faɗa a hankali. "Tun ranar da aka kawo ki gidanmu kike faɗa. Jiya ne kawai na ji."

Ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta leƙa bokiti, ta tambayi inda ya zubar da ruwan wankin. Ya nuna mata kwata. Mutumin da bai taɓa ƙarasa aiki ba a rayuwarsa, wannan ya ƙarasa shi tas, ko kusurwa bai bari ba. Ta gaya masa a gajarce yadda zai yi da kifayensa in yana son su kwana, ta juya da kularta wayam. Ko rakiya bai yi mata ba.

Sai doguwar hanyar da Auta ta faɗa. A ranar ta zauna bakin gadon Safiyo ta yi masa bayani. Sista ba ta iya ba da haƙuri ba, lacca ta iya. Ta gaya masa yadda ƙazantar kifi ke zama guba, da yadda ƙwayoyi ke zama a soso, da dalilin da ya sa ba a wanke shi a famfo. Tana gaya wa mutumin da ya san wannan tun kafin ta fara furfura, mutumin da ta ɓamɓare wa yatsu. Ta ce daga yau ba za ta ƙara wankewa ba. Bai juyo ba. Bangon yake kallo.

Da gari ya waye ta ɗauko bokiti don rage ruwan yadda Auta ta ce. Marikin bokitin ya yi ƙara a kan tayil, ƙarar da duk gidan ya sani. Tana kicin tana auna ɗigon magani sai ta ji wani abu na jan ƙasa a baranda, ya tsaya, ya sake ja. Ta leƙo. Safiyo ne, a tsaye, rungume da ƙarfen dogarawar da ya ƙi ko kallo tun da aka kawo shi. Gumi ya jiƙe shi. Ta yo kansa za ta riƙe shi, ya yi mata wani kallo da ya tsayar da ita. Haka ya ja ƙafar nan har falo, ya faɗa kujerar da ke jikin akwatin, ledar ta yi ƙara, ya ɗora hannun hagu a kan murfin injin ya danne.

"Ba wankewa zan yi ba, Baban Auta. Ragewa kawai zan yi."

Bai ɗaga hannun ba. Ta zuƙe ruwan da tiyo yana kallo, ta zuba sabo yana kallo, hannunsa na kan murfin har ta fita da bokitin.

Tun daga ranar bai ƙara bari ta riga shi isa falo ba. Motsinta na farko a kicin, sai ka ji ƙarfen ya fara tafiya. Ya koma cin abinci, don mai gadi sai da ƙarfi. Ruwan ya sake yin hazo, Sista ta zagaya shi tana cizon leɓe, ta goge tebur, ta goge taga, ta goge abin da ta riga ta goge, hazon ya gaji ya washe don kansa. Soson ya fara rinewa. Darakta ya daɗe a kusurwarsa, jelar ta zaizaye, ido ɗaya ya yi fari bai kuma dawo ba. Amma wata safiya ya sauko ƙasa ya yi zagaye guda, a karkace, ya buɗe baki yana neman abinci kamar wanda ya dawo daga hutu.

Mai gashi ya ga Safiyo ya taka daga ɗaki zuwa falo ba a riƙe shi ba, ya tafa hannu.

"Kai, Sista, aikinki ba na wasa ba ne! Me kika yi masa haka? Ki gaya mini in riƙa gaya wa matan sauran majinyatana."

Sista ta ce kulawa ce kawai, ta shige kicin. Ta san abin da ke tayar da mijinta kowace safiya, kuma ba kifi ba ne. Kifi yana nan tun farko bai hana shi juya baya ba. Tashi yake ya tsare abinsa daga matarsa.

Yanzu in ta kawo bokitin sai ta ajiye shi a gefe, ta zo gabansa ta tsaya. Ba ya barin ta sa hannu a ruwan haka nan. Takan miƙa masa hannu biyu. Ya kama na dama da hannunsa mai lafiya, ya duba farce, ya juya tafin, ya kai hanci. Ya saki, ya kama na hagu. Yawanci yakan gyaɗa kai ya janye gwiwa ta wuce.

Ran nan ta manta ta wanke kwanuka kafin ta zo. Ya sunsuna, ya ɗago ya dube ta. Ba shi da bakin magana, kuma bai nemi ko ɗaya ba. Da haɓa ya nuna mata famfo.

Ta juya ta tafi ta ɗauraye.